Ƙurar katako da makunnin da ba ya mantuwa

Akwai wata 'yar na'ura da girmanta bai wuce sandar sabulun wanki ba, wadda aikinta ɗaya ne tak: da zarar kafinta ya kunna zarton lantarki, sai ta tayar da injin zuƙe ƙura, idan ya kashe zarton kuma, ta ɗan dakata na 'yan daƙiƙu, sannan ta kashe injin. Ba ta da allo, ba ta buƙatar intanet, kuma babu wanda zai gan ta ya ce a ɗauke shi hoto da ita. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta, me ya kai malamin jami'a cinye shafi guda a kan makunni? Dalilina shi ne, a bayan wannan makunni akwai huhun dubban matasa da ke koyon sana'a a garuruwanmu, akwai kuma wata tambaya da ta daɗe tana damuna a matsayina na mai koyar da injiniyancin lantarki: me ya sa muke ɗora wa halin mutum nauyin da ya kamata kayan aiki su ɗauka?

Bari in fara da ƙurar kanta, domin yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Mun taso cikin hazon hunturu, mun saba kakkaɓe riga mu wuce. Garin katakon da ake gani tsibi-tsibi a ƙarƙashin teburin kafinta, wanda masu kiwon kaji ke zuwa kwasa a buhu, ba shi ne abin tsoro ba, saboda nauyinsa yana kayar da shi ƙasa nan take. Abin tsoron shi ne wanda ido ba ya gani sai hasken rana ya ratso ta taga. Kaurin gashin kan mutum kusan maikuron 70 ne, wato kashi 70 cikin dubu na milimita ɗaya. Ƙurar da ba ta kai maikuron 10 ba tana iya wuce hanci ta gangara hanyoyin numfashi, mafi ƙanƙanta kuma ta isa can ƙasan huhu. Irin wannan ƙura tana daɗewa tana yawo a iska bayan an kashe inji, kowa ya zauna cin abincin rana a cikinta.

Duniya ba ta gane haɗarin wannan abu da wuri ba. A Ingila akwai wani gari mai suna Hai Wikom, a arewa maso yammacin Landan, wanda ya yi suna wajen ƙera kujeru. A shekarun 1960 wata likitar kunne da hanci da maƙogwaro mai suna Esme Hadfield ta lura cewa wani nau'in sankarar cikin hanci, wanda da wuya ake ganinsa a sauran jama'a, yana yawan bayyana a tsakanin masu aikin kujerun garin. Ronald Macbeth ya wallafa bayanin a 1965, sannan Donald Acheson da abokan aikinsa suka tabbatar da shi da ƙididdiga a 1968. Abin da ya sa aka daɗe ba a farga ba shi ne cutar takan ɗauki shekaru da dama, sau da yawa kusan arba'in, kafin ta bayyana. A 1995 hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

Sankarar hanci dai ba kowa take kamawa ba. Abin da ya fi yawa shi ne asma da tari mai naci da ƙaiƙayin ido da na fata. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce yiwuwar kafinta ya kamu da asma ta ninka ta sauran ma'aikatan ƙasar sau huɗu. Wasu daga cikin itatuwan da aka fi ambata a littattafan likitanci kan wannan matsala namu ne na Afirka ta Yamma: iroko da obeci da mansoniya, waɗanda ake lodowa daga Kudu zuwa kasuwanni irin su Na'ibawa a Kano. Ga kuma allon MDF da ya mamaye aikin kabad da kicin a 'yan shekarun nan. Shi wannan allo garin itace ne aka haɗe da gam, kuma gam ɗin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, wanda waccan hukuma ta Liyon ta sanya a rukunin farko shi ma a 2004. Idan an yanka MDF, ƙurarsa ta fi ta katakon gaske laushi nesa ba kusa ba.

Ina son mai karatu ya ɗauki biro mu yi ɗan lissafi tare, kamar yadda nake yi da ɗalibaina. A Birtaniya doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace mita ɗaya mai kusurwa uku ta iska ba, idan aka ɗauki matsakaicin awa takwas na aiki. A ce shago yana da tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Iskar cikinsa mita 60 ke nan, don haka ƙurar da aka yarda ta kasance a cikinta gaba ɗaya miligiram 180 ce, ba ta kai rabin maganin da ke cikin ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 ba. To, allon MDF tsawonsa milimita 2,440 ne, kaurinsa kuma sau da yawa 18. Idan bakin zarto yana cin milimita 3, tsaga allon sau ɗaya daga kai zuwa kai yana mayar da kusan giram 100 na allon gari. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ya tashi sama, an sami giram guda, wanda ya ninka waccan iyaka fiye da sau biyar. Yanka ɗaya ke nan. Kafinta mai ciniki kuwa yanka nawa yake yi kafin la'asar?

Wannan magana ba a takarda kaɗai na san ta ba. Ƙanin mahaifiyata kafinta ne, a shagonsa na yi yawancin hutun makarantar firamare, ina riƙe masa bakin katako ina tsince ƙusoshi. A zamaninsa na farko da zarton hannu da magogin hannu ake aiki, abin da ke zubowa kuma ɓawo ne mai lanƙwasa da gari mai kauri. Da injuna suka shigo, aikin mako ya koma na kwana biyu, kowa ya yi murna. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne injin da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya yana niƙa katako fiye da yadda hannu zai taɓa yi. Kawu ya tsufa da tarin da yake kira sanyi, wanda yakan lafa idan ya tafi ƙauye bikin dangi, ya dawo masa kwana biyu da komawarsa shago. Ya sha zuwa asibiti, an sha ba shi maganin tari, amma a iya saninsa babu wanda ya taɓa tambayarsa sana'arsa. Alhali tun a 1700 wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci aikin da yake yi.

Idan ana maganar ƙura, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne takunkumi. Masana lafiyar wurin aiki kuwa a ƙarshen jeri suke ajiye shi. Tsarinsu shi ne a fara da kawar da haɗarin idan zai yiwu, sai a sauya abu mai cutarwa da marar cutarwa, sai a yi amfani da injiniyanci a kama haɗarin tun daga tushensa, sai a tsara yadda ake aiki, sannan daga ƙarshe a rufe fuskar ma'aikaci. Hikimar wannan jeri a bayyane take ga duk wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano. Takunkumi yana aiki ne muddin yana kan fuska, ya zauna daidai, kuma irin wanda ya dace ne. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi. Takunkumin maigida kuma ba ya kare yaron da ke shara a bayansa, ko mai tallar abincin da ta shigo. Injin zuƙe ƙura da aka haɗa mesarsa da bakin zarto yana kare duk wanda ke cikin shagon a lokaci ɗaya. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ma ta tanadi a zuƙe ƙura kusa da inda take fitowa gwargwadon iko.

Sai dai sayen injin daban, kunna shi daban. Akwai wani kafinta a unguwarmu da ya samu injin zuƙe ƙura na gwanjo, mai kyau kuwa, amma duk lokacin da na leƙa sai in tarar da shi a lungu an ɗora masa gwangwanin fenti. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Dakta, yankan nan daƙiƙa goma ne. Kafin in zagaya in kunna shi in dawo, ai na gama. In na bar shi a kunne kuma, ga ƙara, ga shan mai." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mutumin da hannayensa biyu ke riƙe da allo, idonsa na kan layin fensir, hankalinsa na kan yatsunsa kada zarto ya taɓa su, ba shi da sauran hankalin da zai ba wani makunni da ke can gefe. Ladan kunna injin sai bayan shekara ashirin za a gan shi, wahalar kunna shi kuwa yanzu ce, kuma sau hamsin ko fiye a yini. Duk tsarin da ya dogara ga mutum ya tuna abu sau hamsin a yini, ya riga ya faɗi tun kafin a fara shi.

A nan ne 'yar na'urar tamu take shigowa, kuma ilimin da ke cikinta ya kusa shekara ɗari biyu. A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya gano cewa wayar da lantarki ke gudana a cikinta tana haifar da maganaɗisu a kewayenta. A 1831 Michael Faraday ya nuna cewa maganaɗisu mai canzawa yana haifar da lantarki a wata wayar da ke kusa. Na'urar tana da soket biyu, ɗaya na zarto, ɗaya na injin ƙura. Wayar da ke kai wuta ga zarto tana ratsawa ta cikin wani ɗan zobe da aka naɗe da siririyar waya. Muddin zarto na kashe, babu abin da ke gudana, zoben shiru yake. Da an danna zarto, wuta ta kwarara, zoben ya samar da 'yar alama, alamar ta ja ɗan makunnin da masu gyaran lantarki ke kira rile, shi kuma ya buɗe wa injin ƙura wuta. Silin waya ɗaya kawai ake ratsawa ta zoben, domin idan aka haɗa mai kai wuta da mai dawo da ita, maganaɗisun ɗaya yana soke na ɗayan, zoben ba zai ji komai ba.

Ƙwarewar mai ƙira tana bayyana a jinkiri guda biyu. Na farko wajen tashi ne. Motar lantarki tana jan wuta ninki da dama na abin da ta saba a ɗan lokacin da take tashi, saboda haka idan zarto da injin ƙura suka tashi a tare, fis na iya ƙonewa ko janareto ya shaƙe. Sai a sa injin ƙura ya jira kamar daƙiƙa ɗaya, zarto ya daidaita tukuna. Na biyu wajen tsayawa ne. Bayan an saki zarto, bakinsa yana ci gaba da juyawa, mesa kuma cike take da gari. Idan injin ya mutu nan take, garin ya kwanta a mesa, a hankali ya toshe ta. Don haka ake barinsa ya ci gaba na daƙiƙa biyar zuwa goma. Akwai kuma ma'aunin da ke hana shi tashi saboda ƙaramin abu kamar cajar waya. Manyan kamfanoni sun daɗe suna saka irin wannan soket a jikin injunan ƙurarsu. Da kayan aiki masu batir suka yawaita, tunda babu wayar da za a saurara, Festool da Makita suka koma aika saƙon ta Bluetooth.

Na haɗa irin wannan makunni da hannuna don ɗan shagon da nake taɓa aikin katako a bayan gida ranakun hutu, kuma babu wani abu a cikinsa da ba a samu a shagunan kayan lantarki na manyan biranenmu. Na ara wa wancan maƙwabci nawa na 'yan makonni. Ban yi masa wa'azi kan huhu ba, shi ma bai canza halinsa ba. Abin da ya canza shi ne injin ya sauka daga lungu, gwangwanin fenti ya sami wani wurin zama. Abin da ya fi burge shi ma ba lafiya ba ce. Ya ce fenti ya daina yin ƙuraje a jikin kabad, layin fensir ya daina ɓacewa a ƙarƙashin gari, yaronsa kuma ya rage awa guda ta shara da yamma. Ban raina waɗannan dalilai ba, domin da irinsu ne sabon abu ke samun gindin zama a kasuwa.

Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya, kuma bai kamata in kauce musu ba. Na farko wuta ce. Soket ɗinmu na amfiya 13 a kan bolt 230 iyakarsa kusan wat 3,000. Zarto mai wat 1,400 da injin ƙura mai wat 1,200 sun haɗa 2,600, sun shiga amma da ƙyar. Babban inji kuwa dole a raba masa layi. Ƙaramin janareton nan na kunna fanka da talabijin ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. To amma duba da kyau: inda mai ke da tsada, nan ne makunnin ya fi amfani, saboda injin ba ya shan ko ɗigo sai a daƙiƙun da ake yanka. Na biyu, makunni ba ya gyara mugun inji. Idan matacin injin na banza ne, zai haɗiye gari mai kauri ya feso mai laushin ta baya, an gudu ba a tsira ba. A Turai an kasa waɗannan injuna gida uku, L da M da H, kuma ajin M, mai tare kashi 99.9 cikin ɗari, shi ne mafi ƙarancin abin da ake so ga ƙurar katako. Wanda bai samu ba, ya sa bokiti mai murfi a tsakanin mesa da inji yadda iska za ta yi juyi gari mai nauyi ya faɗa ciki, ya kuma fitar da iskar injin waje, nesa da mutane. Na uku, kada a kuskura a zuƙi tartsatsin ƙarfe cikin injin da ke cike da garin katako, gobara ce ake gayyata. Masu yankan tayil da dutse kuwa, ƙurarsu ta fi ta katako muni, har ta sa Ostireliya ta haramta wani nau'in dutsen haɗi na teburin kicin daga 1 ga Yulin 2024. Su ruwa a bakin yanka shi ne babban abokinsu.

Ƙorafin da ya fi ba ni tunani shi ne na wani abokin aikina, wanda ya ce irin waɗannan na'urori suna koya wa yara lalaci, gara a horar da almajirin sana'a ya san ya kamata. Ina girmama wannan ra'ayi, domin tarbiyya ita ce jarin sana'a. Amma hankalin mutum kamar kuɗin aljihu ne, yana da iyaka, kuma abin da aka kashe a nan ba a same shi a can ba. Na fi son yaro ya kashe nasa kan inda yatsunsa suke da kuma daidaiton kusurwa. Ba wanda ya ce ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika ya lalata tarbiyyar masu gida, ko fitilar firji da ke kamawa da an buɗe ƙofa. Wani injiniyan Japan mai suna Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da kamfanin Toyota, ya gina sunansa a shekarun 1960 kan wannan tunani: mantuwa ɗabi'ar ɗan Adam ce, don haka a tsara aiki yadda mantuwa ba za ta zama ɓarna ba. Mu kuwa mun fi saurin cewa sakaci ne, mu yi faɗa, gobe a sake.

Kirana na farko ga 'yan uwana malaman jami'o'i da kwalejojin fasaha ne. Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna ƙera abubuwa masu manyan sunaye, a ba su maki, a kulle a kabad. Ga aiki nan da ɗalibi ɗaya zai iya gamawa a zango guda, ya gwada shi a shagon kafinta na gaske, a kan janareto na gaske, da wutar da ke hawa da sauka, sannan ya koya wa masu gyaran rediyo da masu ƙere-ƙere irin na Panteka a Kaduna yadda za su haɗa shi cikin akwati mai rufi da fis da wayar ƙasa, ba tare da ya zama tarkon mutuwa ba. Kira na biyu ga ƙungiyoyin kafintoci, waɗanda za su iya haɗa kuɗi su sayo injuna masu matacin kirki a farashin sari. Na uku ga likitoci da ma'aikatan jinya, su ƙara tambaya ɗaya ga mai tari: wace sana'a kake yi, kuma tarin yana sauƙi idan ka huta?

Na ƙarshe kuma gare mu masu ba da aiki. Mukan tsaya mu yi ciniki kan naira ɗari biyar a kuɗin gado, mu duba santsin fenti da yatsa, amma ba mu taɓa kallon gashin idon yaron da ya goge shi ba, wanda ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Yaron nan shekararsa goma sha biyar, kuma idan sana'ar ta karɓe shi, yana da shekara arba'in a gaba cikin wannan iska. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kowa ya yarda. Abin da ya rage shi ne mu daina barin rigakafin a hannun wanda hannayensa biyu ke riƙe da katako.